Ƙusar icce da waɗanda suka fere ta

Masassaƙin ƙasar Hausa, idan zai yi kujera ko turmi, gungume guda yake ɗauka ya yi ta cin sa da gizago har siffar ta fito. Babu haɗi, don haka babu abin da zai kwance. Kafinta kuwa aikinsa haɗa guntaye ne, kuma tun fil azal tambayarsa ɗaya ce: me zai riƙe wannan katako da wancan? Cikin tsofaffin amsoshi akwai ƙusar icce, wato ƴar gajerar sanda mulmulalliya da ake cusawa cikin ramuka biyu masu fuskantar juna. Fere guda ɗaya ba wuya. Fere dubu, kowace ta shiga kowane rami daidai, shi ne aikin da ya ɗauki ƙarnoni, kuma kafin a ci nasararsa sai da ya cinye sana'ar mutane da yawa.

Misirawan dā sun san ta saboda ƙarancin manyan itatuwa. Bagaruwa da ɓaure na bakin kogin Nilu ba sa ba da dogon katako miƙaƙƙe, dole aka koyi haɗa gajeru. Herodot, masanin tarihi na Girka a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana jiragensu na dakon kaya da aka ƙera da guntayen bagaruwa, an jera su kamar tubali, an ɗaure da ƙusoshin icce. Kujeru da akwatunan da aka tarar a kabarin Tutankamon, wanda aka gano a 1922, su ma da irin wannan haɗi aka yi su.

A Turai, har zuwa zamanin injuna, kowane kafinta shi ke yin ƙusoshinsa. Tsaga iccen yake yi, ba ya yanka shi da zarto, domin tsagi yana bin jijiyar icce, ƙusar da ta bi jijiya kuwa ba ta saurin karyewa. Sai ya rage kaurin da wuƙa, ya ɗora a kan wani farantin ƙarfe mai ramuka manya da ƙanana, ya buga da guduma. Bakin ramin ya aske abin da ya yi yawa, ƙusa ta faɗo ta ƙasa. Dabara ce mai kyau, amma ma'auninta bai wuce ƙofar shago ba: ƙusar wannan kafinta ba lalle ta dace da ramin maƙwabcinsa ba.

Buƙatar yawa ta taso ne a ƙarni na 19, lokacin da makarantu, majami'u, gidajen shan gahawa da gidajen ma'aikata suka soma neman kujeru masu arha dubu-dubu. Kujerar da ta yi fice a Ingila a lokacin duk sanduna ce mulmulallu, ƙafafu da majingina, an cusa su cikin ramukan da aka huda a mazauni. Cibiyarta garin High Wycombe, a yammacin Landan, kusa da tuddan Chiltern masu dazuzzukan wani icce da Ingilishi ke kira bic, Faransawa kuma hêtre. A shekarun 1870 an ƙiyasta cewa garin na fitar da kujeru 4,700 a kowace rana. Da sarauniya Victoria ta ratsa shi a 1877, da kujeru aka gina mata ƙofar maraba a kan titi.

Waɗanda suka fere ƙafafun waɗannan kujeru ba a cikin garin suke ba. A daji suke kafa bukka, kusa da itatuwan da suka saya da kuɗinsu daga masu gandu. Su sare, su tsaga, su gyara da gatari, sa'an nan su ɗora guntun a kan na'urar da ba ta buƙatar komai sai ƙafar mutum: doguwar sanda mai lanƙwasa a sama, igiya ta sauko daga kanta ta naɗe guntun, ta ƙare a matakin ƙasa. In an taka, guntun ya juya, kaifin ƙarfe ya ci. In an ɗaga ƙafa, sanda ta miƙe ta mai da shi baya. Ɗanyen icce suke ferewa don ya fi taushi, su jera ƙafafun su bushe, su sayar wa masana'antu da lissafin dozin goma sha biyu, wato guda 144. Ido da hannu ne ma'auninsu, amma ƙafa ta ɗari tana fitowa kamar ta farko. Abin takaicin shi ne mutumin da ya yi shekara arba'in a wannan aiki yana iya mutuwa bai haɗa kujera ko ɗaya ba, kuma farashin guminsa mai masana'anta ne ke yanke shi. Na ƙarshensu sun bar dajin wajen ƙarshen shekarun 1950.

A daidai wannan zamani wani Bajamushe ya bi wata hanya da iccen bic ɗin nan. Michael Thonet, haifaffen Boppard a bakin kogin Rhin a 1796, ya ƙaura zuwa Biyana a 1842 bisa shawarar yarima Metternich, shugaban gwamnatin daular Otirish. Da farko siraran katakai yake mannawa da gam ya lanƙwasa su, sai dai gam na lokacin yana saki a ƙasashe masu zafi da laima. Ya koma ga sanda guda: inji ya mulmule ta, a dafa ta cikin tururi har ta yi laushi, a ɗaura mata faifan ƙarfe ta waje don kada jijiyarta ta tsinke, a lanƙwasa ta cikin ƙirar ƙarfe ta bushe. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1856, kuma a shekarar aka soma gina masana'antarsa a Koryčany, cikin dazuzzukan Morabiya, a Jamhuriyar Cek ta yanzu. Ya kai inji bakin daji, ya ɗauki ƴan ƙauye waɗanda ba kafintoci ba, kowa da ɗan aikinsa guda. Mata na saƙa mazauni.

Kujerarsa mai lamba 14 ta fito a 1859: guntaye shida, ƙusoshin murɗawa goma, noti biyu. Tun da kowane guntu yana dacewa da kowace kujera, ana aika su a warwatse, 36 cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, a haɗa a inda suka sauka. Zuwa 1930 an sayar da kusan miliyon 50. A nan ne gwanintar ta bar hannun ma'aikaci ta koma cikin ƙirar ƙarfe, ƙirar kuwa mallakar mai masana'anta ce.

Ƴar ƙaramar ƙusar icce ta sami sabon matsayi bayan yaƙin duniya na biyu, da Turai ke sake gina gidaje cikin ƙarancin katako. Allunan da ake matsawa daga ɗiɗɗigar icce da gam, waɗanda aka fara yi don sayarwa a Bremen a 1941, ba sa ɗaukar tsohon haɗin sassaƙa, suna marmashewa. Rami zagayayye kawai suke jurewa. Masana'antu suka daidaita a kan ramuka masu tazarar milimita 32, da ƙusoshi masu kaurin milimita 6, 8 ko 10. Inji na haɗiye sanda mai kusurwa huɗu cikin wani baki mai wuƙaƙe da ke juyawa kamar abin feƙe fensir, ta fito mulmulalliya, a datsa ta gunduwa-gunduwa. Ana matsa mata tsage-tsage a jiki don iska da rarar gam su sami mafita, a busar da ita sosai domin in ta sha ruwan gam ta kumbura ta kama ramin.

Kamfanin IKEA na Suwidin, wanda ya shiga sayar da kayan ɗaki a warwatse cikin kwali a 1956, ya kai lamarin ƙarshensa: ƙusoshin na zuwa cikin ƴar leda, mai saye ne ke cusa su da kansa. Yawancinsu har yau da iccen bic ake yin su.