Cikowa da Madatsa: Tarihin Nazarin Fadamar Gulbin Rima a Matsayin Tsari Mai Sarƙaƙiya

Gabatarwa

A shekarar 1948 wani masanin lissafi na Amurka, Warren Weaver, ya kasa matsalolin kimiyya gida uku. Akwai masu sauƙi, waɗanda abubuwa biyu ko uku kaɗai ke aiki a cikinsu. Akwai masu tarin abubuwa barkatai, waɗanda ƙididdiga ke iya riƙewa. Sannan akwai na uku, watau inda abubuwa masu yawa suke cuɗanya cikin tsari, kowanne yana taɓa ɗan'uwansa, har ya zama ba a fahimtar ɗaya sai an dubi sauran. Wannan kashi na uku shi ake kira tsari mai sarƙaƙiya, kuma nazarinsa yakan tilasta wa masanin sinadarai da na lissafi da na halittu da injiniya su zauna tabarma ɗaya. An kafa cibiya musamman domin wannan fage a Santa Fe cikin 1984, kuma a 2021 an ba da kyautar Nobel ta fiziya ga masana uku da suka yi aiki a kansa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin yadda aka nazarci wani tsari irin wannan a ƙasar Hausa, watau fadamar Gulbin Rima da rassansa, tare da mai da hankali ga ƙasar Gobir ta Isa da Sabon Birni. Abin da tarihin ya nuna shi ne, an daɗe ana auna sassan fadamar ɗaya bayan ɗaya, amma abin da ya ɗaure sassan wuri guda, watau cikowar ruwa ta kowace shekara, shi ne aka makara wajen ganewa.

Gulbi da Gobirawa

Ba daga tushe ɗaya Rima ya taso ba. Gulbin Gagare yana biyowa ta Ƙauran Namoda, Bunsuru kuma ta Zurmi, su haɗu a yankin Isa, ƙasar da garuruwa irin su Turba da Bafarawa suke. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina ya fito da sunan Gada, ya ratsa Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya wuce Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya faɗa cikin Rima a wajajen Sabon Birni. Daga nan ruwan ya gangara Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya nufi Argungu da Birnin Kabi har Kwara.

Wannan mahaɗa ta gulabe ita ta ja hankalin Gobirawa a ƙarni na 18, suka riƙa gangarowa daga arewa suna neman gonaki a ƙasar Zamfara, har Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajajen 1760, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir a bakin gulbi. Garba Nadama a 1977 da Abdullahi Rafi Augi a 1984 sun yi nazarin wannan zamani a kundayen digirinsu na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma mai karanta su zai ga cewa gasar mallakar wannan kwari mai albarka tana cikin ƙashin bayan siyasar yankin. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, da kafa Tibiri, duk inda Gobirawa suka sake zama a gefen fadama ne. Haka ma Sabon Birni da Ɗan Halima ya kafa a rabi na biyu na ƙarni na 19.

Yadda sassan suke riƙe juna

Yana da kyau a fara da kalma. Hausa tana da ambaliya, tana da cikowa. Cikowa daga aikatau ciko take, wanda ke aji na 6 a rabon Parsons, ajin da ke nuna aiki ya nufo wajen mai magana. Ke nan ruwa ne da ya cika ya zo wa mutane, abin da ake jira ana shiri dominsa. Ambaliya kuwa, a yawancin amfani, ruwa ne da ya wuce gona da iri ya yi ɓarna. Rahotannin injiniyoyi da Ingilishi aka rubuta su, da kalma ɗaya mai ɗauke da ma'anonin biyu, kuma ma'anar ɓarna ce ta rinjaya a cikinsu. Wannan ba shi ne dalilin abin da ya faru ba, amma ya nuna inda idon kowane ɓangare yake.

Idan ruwa ya ciko daga watan Yuli zuwa Satumba ya malala cikin fadama, abubuwa da dama suke faruwa a lokaci ɗaya. Ta fuskar sinadarai, ruwan yana sauke sabuwar laka, yana kuma wanke gishiri da kanwar da zafin rani ya jawo saman ƙasa. Har ila yau, ƙasar da ruwa ya rufe tana rasa iska, wannan yakan narkar da sinadarin ƙarfen da ke riƙe da fosfaras, sai fosfaras ɗin ya saku shinkafa ta samu. Masana ƙasar shinkafa a Asiya sun bayyana wannan dalla-dalla tun farkon shekarun 1970. Ta fuskar halittu, shinkafar gargajiya ta Afirka tana da irin da ke miƙa kara yana bin ruwa yayin da yake hawa, muddin hawan bai yi gaggawa ba. Tarwaɗa da ƙarfasa da sauran kifaye suna barin gulbi su shiga ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yansu su girma a ruwa marar zurfi, wasu su koma gulbi da janyewar ruwa, wasu su maƙale a tafkuna inda masunta ke jiransu da kaka. Wani kaso na ruwan kuma yana nutsewa ya cika ƙarƙashin ƙasa, shi ne mai lambu ke ɗebowa da jigo daga rijiya marar zurfi ya shayar da albasa da alkama da taba har bazara. Bayan girbi shanun Fulani su shigo su ci ciyawa da harawa, su bar taki.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dogara ga yawan ruwan shekara kawai. Kowanne ya dogara ne ga lokacin zuwan ruwa, da zurfinsa, da kwanakin da zai yi kafin ya janye. Manomin fadama bai san sunan fosfaras ba, amma ya san wane kwari ne na shinkafa mai bin ruwa, wane gefe ne na dawa, wane tudu ne na gero, yakan kuma rarraba shukarsa a tsakaninsu domin in cikowa ta gaza ko ta wuce misali kada ya tashi a tutar babu. Wannan lissafi ne na rage kasada, ko da ba a rubuta shi da alƙalami ba.

Zuwan ma'auni

Gyaran hanyar ban ruwa ba da Turawa ya fara ba. Ana danganta wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ƙarfafa noman rake da lambu a kewayen Sakkwato da Wurno. Turawan mulki sun gwada ƙaramin aikin ban ruwa a Kware cikin shekarun 1920. Amma nazari na farko mai faɗi shi ne wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a shekarun 1960 a kan ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato, ta fitar da rahoto a 1969. An auna gudun ruwa, an ɗebi ƙasa an gwada, an zana taswira. Rahoton ya ba da shawarar a bi abin a hankali, da matsakaitan madatsai, a kuma yi la'akari da noman da mutane suka riga suka saba.

Sai fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, kuɗin man fetur kuma suka shigo a daidai wannan lokaci. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, wanda yana cikin masu sake nazarin, shi ya gina babbar madatsa guda a Bakalori kusa da Talatar Mafara, a kan Gulbin Sakkwato, daga 1974 zuwa 1978, mai ɗaukar ruwa mita mai kusurwa miliyan 450. Ta fuskar injiniyanci madatsar ta tsaya, ta kuma riƙe ruwa kamar yadda aka tsara. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi bore a kan diyya, kuma ranar 28 ga Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, wasu majiyoyi suka ce ɗaruruwa. An yi rubutu da yawa a kan wannan rana, kuma ya cancanta.

Wanda ba a yi wa rubutu sosai ba shi ne mutumin da ke ƙasa da madatsa, wanda ba a karɓe masa gona ba, ba a kuma lissafa shi cikin masu diyya ba. W. M. Adams na Jami'ar Kambirij ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakalori ya buga sakamakonsa a 1985, daga baya ya faɗaɗa shi cikin littafinsa Wasting the Rain na 1992. Ya tarar cikowa ta ragu a zurfi da faɗi da tsawon kwanaki. Gonakin shinkafa masu yawa sun koma na gero da dawa, waɗanda ba su kai ta daraja ba. Ruwan rijiyoyi ya yi ƙasa, lambu ya ja baya, kifi ya ragu har masunta da dama suka bar sana'ar ko suka yi ƙaura. Kowace asara daga cikin waɗannan tana ƙarƙashin wani fanni dabam na ilimi da wata ma'aikata dabam ta gwamnati, shi ya sa ba ta bayyana a lissafin riba da faɗuwar aikin ba, alhali duk daga tushe ɗaya suka fito.

Sai a 1989 Junk da Bayley da Sparks suka tsara wannan fahimta a matsayin ra'i, cewa hawa da saukar ruwa na shekara-shekara shi ne ke tafiyar da rayuwar kogi mai fadama baki ɗaya. A kan irin wannan tunani aka sake sakar wa fadamar Waza da Logone ta Kamaru ruwa a 1994, bayan wata madatsa ta busar da ita.

Matsalar lissafi

Akwai wani ɓangare da ya fi sauran wuyar gani. Injiniya yana ƙayyade girman madatsa ne bisa bayanan ruwan shekarun baya, yana ɗaukar cewa shekaru masu zuwa za su yi kama da su. H. E. Hurst, wanda ya shafe rayuwarsa yana auna Kogin Nilu a Masar, ya nuna a 1951, daga bayanan ɗaruruwan shekaru, cewa shekarun ruwa da na fari ba a warwatse suke zuwa ba, jerawa suke yi. A 1968 Mandelbrot da Wallis suka sa wa wannan hali sunan Annabi Yusufu, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci, suka kuma sa wa ruwan da ke zuwa farat ɗaya fiye da duk wani tsammani sunan Annabi Nuhu. To, shekarun 1950 da yawancin 1960 suna cikin mafi ruwa da aka auna a yankin Sahel a ƙarni na 20, kuma a ƙarshen wannan yalwa aka tattara ma'aunan kwarin Sakkwato. Ayyukan da aka gina a kansu sun fara aiki ne cikin jerin shekarun fari da suka kai tsananinsu a 1984.

Gobir tsakanin madatsai

Matsayin ƙasar Isa da Sabon Birni a wannan tarihi na dabam ne, domin ba a gina babbar madatsa a cikinta ba, sai dai an kewaye ta da su. A samanta akwai Zoɓe kusa da Dutsin Ma, wadda aka gama a 1983 a kan Karaɗuwa mai zuba cikin Bunsuru, da Jibiya a kan Gada, wadda aka gama a ƙarshen shekarun 1980. A ƙasanta akwai Goronyo, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar fiye da mita mai kusurwa miliyan 900. Ruwan Jibiya sai ya ratsa wata ƙasa kafin ya iso Sabon Birni, shi ya sa Gada da Gulbin Maraɗi suke cikin kwaruruka huɗu da yarjejeniyar Maiduguri ta Yulin 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta shafa. Daga farkon shekarun 1990 kuma shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, waɗanda suka maye gurbin jigo a wurare da yawa. Shirin ya amfani manoma ƙwarai, sai dai ruwan da injin ke zuƙowa shi ne dai wanda cikowa ke ajiyewa a ƙarƙashin ƙasa.

Goronyo ta ga halayen nan biyu cikin shekara takwas. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ya ci ƙauyuka da gonaki a Goronyo da Wurno da ƙasa da su, har ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma hukumar da ke kula da ita ta sanar cewa ruwan ya sauka zuwa kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, birnin Sakkwato ya shiga fargabar ruwan sha. Cikin dalilan da aka bayar, bayan ƙarancin ruwan sama, akwai yashi da lakar da suka taru a cikin tafkin. Wannan laka ta biyo Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi ne ta ratsa ƙasar Isa da Sabon Birni, kuma kafin 1984 a gonakin shinkafar Wurno da Argungu da Birnin Kabi take sauka.