Gwamnan da ya tuƙa jirginsa da kansa

Mu da iyayenmu suka zauna a tsohon Zangon Wagadugu, dab da filin jirgi, mun tashi muna jin rugugin jirage a kan rufinmu. Idan labarin haɗari ya zo, sai mu ce ƙaddara, mu yi addu'a, mu wuce. Ƙaddara gaskiya ce, amma tarihi ya ajiye labarai da ke nuna inda hannun ɗan Adam ya shiga.

A ranar 25 ga Oktoba, 2012, gwamnan jihar Taraba ta Najeriya, Danbaba Suntai, ya tashi daga Jalingo zuwa Yola a ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 208, mai inji ɗaya. Shi ne a kujerar matuƙi, mataimakansa na tare da shi. Suntai masanin haɗa magunguna ne, ya kuma koyi tuƙi a kwalejin horar da matuƙa jirgi ta Zariya. Da jirgin ya doshi Yola, rana ta riga ta faɗi, ya faɗo a daji kafin ya kai filin sauka. Duk waɗanda ke ciki sun tsira da rai, amma gwamnan ya ji mummunan rauni a ka.

Binciken hukumar haɗarin jirage ta Najeriya ya nuna cewa takardar da yake riƙe da ita ba ta ba shi damar tuƙa irin wannan jirgi ba, ba shi kuma da shaidar tuƙi da na'urori. Nan gizo ke saƙa. Mai tuƙi da ido yana dogara ne da ganin ƙasa da inda ta haɗu da sama. Idan duhu ya rufe, jikinsa kan yaudare shi, ya ji kamar yana tafiya daidai alhali jirgin ya karkata ko yana gangarowa. Lokacin sauka kuwa ƙasa na kusa, gudu ya ragu, babu sararin gyara kuskure.

An kai shi jinya Jamus, daga baya Amurka. Ya dawo a watan Agustan 2013 bai warke ba, jihar ta faɗa rikicin wanda zai riƙe mulki tsakanin magoya bayansa da mataimakinsa Garba Umar. Ya rasu a Amurka a watan Yunin 2017.

A al'adarmu, babba ba a ce masa a'a. Mun gaji wannan ladabi, muna kuma alfahari da shi a Zango. Sai dai iska da duhu ba su san rawani ba. Direban da ke ɗaukar mu da dare zuwa Yamai ko Kano, idan barci ya cika idonsa, wa a cikinmu zai ce masa ya tsaya? Wanda ya faɗa, ya ceci mota guda.

Allah Ya kiyaye mu a tafiye-tafiyenmu, Ya sauke mu lafiya.