Kafin Zuwan Firij: Yadda Iyayenmu Suka Riƙa Adana Nama

Ina taya mu murnar zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Tun da da yawa cikinmu sana'ar abinci muke yi, wasu dambun nama, wasu bandar kifi, wasu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na ga ya kamata mu waiwayi inda wannan sana'a ta samo asali.

Ɗanyen nama kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, kuma ruwan nan ne ƙwayoyin cuta ke samu su hayayyafa har nama ya yi wari. To duk dabarun da kakanninmu suka yi, na raba nama da ruwansa ne. Rana da iskar hunturu su busar, gishiri ya tsotse, hayaƙi ya ƙarasa busarwa ya kori ƙuda, kitse kuma ya rufe ya hana iska shiga. Kowace al'umma da naman da take yi wa haka. Mutanen Turai nasu yawanci na alade ne suke cuɗawa da gishiri su turara saboda sanyin ƙasarsu. Mu namu na saniya ne da rago da akuya da raƙumi, sai kifi.

Mu fara da gishiri, don a da ba abin banza ba ne. Daga Bilma da Fachi, cikin hamadar Nijar ta yau, Buzaye ke ɗauko shi a kan raƙuma. Su ratso sahara tafiyar sama da kilomita 500 kafin su iso yankin Agadas, sannan su gangaro ƙasar Hausa da kantu da beza, su koma da gero da tufafi. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, tare da ayarin gishiri ya gangaro daga Azbin, ya shiga Kano a 1851. Akwai kuma gishirin Foga, da na Awe da Keana a jihar Nasarawa ta yanzu, inda mata ne ke aikin dafa shi. Abin da aka sha wannan wahala kafin a kawo, ba a barbaɗa shi da hannu sake. Shi ya sa tsofaffinmu suka fi dogara da rana da wuta.

A birane, yanka da sayar da nama aikin mahauta ne a ƙarƙashin Sarkin Pawa. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kun ga ke nan fawa ba ta jiya ba ce. Kilishi nasu ne. A feɗe tsoka siririya kamar takarda, a shanya ta bushe, a tsoma cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, sannan a ɗan gasa. Fatake da maniyyata aikin Hajji, waɗanda ke yin watanni ko shekaru a ƙafa ta hanyar Chadi da Sudan, busasshen nama na cikin guzurinsu.

Amma aikin cikin gida namu ne, kuma ba a cika rubuta shi ba. Babbar makarantarsa ita ce Babbar Sallah. Ranar yanka a soya kayan ciki, don su ke saurin lalacewa. Sauran naman a rataye shi ya tsane, a wasu garuruwa kamar Sakkwato da Nijar a baje ragon a jikin sanduna a kewaye wuta da shi. Washegari a yayyanka a soya cikin kitsensa har ya daina kumfa, alamar ruwa ya ƙare. A bari ya huce sarai, a zuba a kwalla ko tukunya a rufe. Wani a daka a yi dambu, wani a yi siri-siri a rataya saman murhu. Hujjar cewa dabarar na aiki ita ce al'adar ajiye wutsiya ko ƙafar ragon layya har daren cika-ciki. Daga goma ga Zulhajji zuwa goma ga Muharram wata guda ke nan cur, babu firij babu ƙanƙara.

Wannan ilimi ya fi nuna amfaninsa a shekarun wahala. A farkon shekarun 1890 annobar bushiya ta shigo ta kusan ƙarar da shanu. Ta sake dawowa a 1983, sai a 2011 aka sanar da kawar da ita daga duniya baki ɗaya. A farin 1973 da 1974 dabbobi sun yi ta faɗuwa saboda yunwa, makiyaya suka riƙa yankawa kafin su mutu. Wanda ya iya banda ya tsira da wani abu, wanda bai iya ba ya bar wa ungulu.

Jirgin ƙasa ma ya canza harkar. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Nguru ta yi suna wajen busasshen nama da ake tafasawa a turara, a loda zuwa Ibadan da Legas. Haka bandar kifin Baga ta bakin Tafkin Chadi take kaiwa har Onitsha. Noman gyaɗa ya bunƙasa bayan zuwan jirgin, mu kuwa mata masu matsar mai mu ke samar da tunkuzar labu. Ashe ko a kilishin maza da hannunmu a ciki.

Sabuwar dabara ma ta taɓa fitowa daga hannun mata. A 1969, a unguwar masunta ta Chorkor a birnin Accra na Ghana, masu bincike tare da matan da ke bandar kifi suka fito da murhun laka da ake jera farantan waya masu bakin katako a kai, hawa-hawa. Itace kaɗan, kifi mai yawa a wuta ɗaya. Yanzu ya bazu ƙasashen Afirka da dama.

To ina muke yau? Firij ya zo, mun yi murna, sai dai firij da wutar lantarki yake aiki. Kowace shekara sai an ji gidan da aka cusa rabin sa a firiza, wuta ta ɗauke kwana biyu, aka kwashe aka zubar. Yarinya ta yi aure ba ta san lokacin da suya ta kai ba. Abin da ya fi wannan muni, wasu a kasuwa sun koma fesa wa busasshen kifi da nama fiya-fiya don gudun ƙwaro, wasu na babbaka da taya, ko hura wuta da leda. Wallahi wannan guba ce, kuma 'ya'yanmu ne ke ci. Ranar da mai saye ya gane, ba mutum ɗaya zai guda ba, dukanmu zai guda.

Shawarata ga shugabanninmu guda uku ce. Kafin Sallah mai zuwa a ware rana ɗaya, iyayenmu tsofaffin 'yan ƙungiya su koya wa matasa suya da dambu da banda, mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci mu rubuta a littafi, har da awo da tsawon lokaci. Na biyu, a duba asusu ko zai iya gina mana murhu irin na Chorkor guda ɗaya na haɗaka. Na uku, mu yi alkawari duk kayan da zai fita da sunan ƙungiya ba a sa masa maganin ƙwari ba. In ƙwaro ya yi barazana a sake shanyawa ko a sake turarawa, kamar yadda aka saba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya ja kwanan iyayenmu da ke raye, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a kasuwarmu. Amin.