Awa nawa ke isar matafiyi ya canza jirgi? Ga abin da tarihi ya nuna

Mai karatu, in ka taɓa neman tikitin Guangzhou ko Landan daga Kano ko Abuja, ka san yawanci sai an yada zango a Adis Ababa, Alƙahira, Doha ko Istanbul, sannan a hau wani jirgin. Wani tikitin zai ba ka minti 70 tsakanin sauka da tashi, wani kuma awa shida. Da yawa kan zaɓi gajeren don gudun zaman jira. Kafin ka zaɓa, yana da kyau ka san inda wannan lissafin ya samo asali.

A farkon zamanin sufurin sama, ba a maganar mintoci. Jiragen farko da suka sauka Kano na sojan saman Birtaniya ne, guda uku, da suka taso daga Masar suka iso a watan Nuwamba 1925. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila sau ɗaya a mako tsakanin Khartoum da Kano, inda a Khartoum ɗin ake haɗuwa da jirgin da ke bin babbar hanyar Landan. Ka ga wanda ya rasa wannan haɗuwar, jiransa na kwanaki ne. Ko a 1947, tafiya daga Sydney zuwa Landan a jirgin Qantas kwana huɗu ce, har da kwana a Singapore da Alƙahira. Jiragen lokacin ba sa cin dogon zango sai sun sauka shan mai, shi ya sa ma Kano ta zama matsaya ga jiragen da ke ƙetare Sahara.

To, ta yaya kamfanoni daban-daban suka soma miƙa wa juna fasinja? A 1944 ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Chicago, wadda ta haifar da hukumar ICAO. A 1945 kuma kamfanonin jiragen suka kafa ƙungiyar IATA a Havana. A ƙarƙashinta aka daidaita tsarin tikiti ɗaya da zai yi aiki a kamfani biyu ko uku, jaka kuma ta bi mai ita har ƙarshen tafiya. Wannan tsarin ne ya sa ake buƙatar ma'aunin da ake kira MCT, wato mafi ƙarancin lokacin da mutum da kayansa za su iya tashi daga wani jirgi zuwa wani a wani filin jirgi. Kwamfutar sayar da tikiti ba za ta haɗa maka jirage biyu a tikiti ɗaya ba in tazararsu ba ta kai wannan adadi ba. A wasu filayen Turai kamar Vienna bai wuce rabin awa ba, a Heathrow kuwa, in za ka sauya tasha, yakan kai minti 90.

Babban sauyi ya zo ne da tsarin mahaɗa. Kamfanin Delta ya fara gwada shi a Atlanta tun 1955, amma sai bayan 1978, da Amurka ta sakar wa kamfanoni mara su zaɓi hanyoyinsu da farashinsu, ya bazu. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. In kana da birane 10 kana son haɗa kowanne da kowanne kai tsaye, sai ka buɗe hanya 45. In kuwa ka mai da ɗaya daga cikinsu mahaɗa, hanya 9 ta wadatar. Emirates, wanda aka kafa a 1985, da wannan dabarar ya mai da Dubai mararrabar duniya, haka Ethiopian Airlines ya yi da Adis Ababa. Don tsarin ya yi aiki, jirage kan sauka kusan a tare, su tashi kusan a tare. Illarsa ita ce kowa na kan layi a lokaci guda, kuma jinkirin jirgi ɗaya kan shafi sauran.

Yayin da kamfanoni ke matse lokaci, matsalar tsaro tana ƙara shingaye. A 1973 Amurka ta wajabta binciken fasinja da jakar hannunsa saboda yawan fashin jirage. A Disamba 1988 bam ya tarwatsa jirgin Pan Am a sararin garin Lockerbie, mutum 270 suka mutu, kotu kuma ta tabbatar da cewa akwatin ya taso ne daga Malta, ya bi ta Frankfurt da Landan ba tare da mai shi ba. Daga nan aka tsananta ƙa'idar cewa in fasinja bai hau ba, a sauke jakarsa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurka ta dakatar da ratsawa ba biza a 2003. A can, galibi a filin farko da ka sauka za ka bi ta shige da fice, ka ɗauki kayanka, ka bi ta kwastan, ka sake miƙa su. A 2006 aka zo da dokar ruwa mililita 100. Sannan mai fasfo ɗin Najeriya ko Ghana kan buƙaci bizar ratse a ƙasashen Schengen, sai in yana cikin waɗanda aka ɗauke wa, misali mai bizar Amurka.

Yanzu mu yi lissafi. A ce tikitinka ya ba ka minti 90. A wannan harka, jirgin da ya makara ƙasa da minti 15 ana ƙirga shi a wanda ya zo kan lokaci, to cire 15. Fitowa daga babban jirgi, musamman in kujerarka na baya, ka ba ta wasu 15. Ƙofar jirgi na gaba kuma ana rufe ta kimanin minti 20 kafin lokacin da ke rubuce. Saura minti 40 ke nan, a cikinsu za ka yi tafiya, ka bi layin bincike, ka nemo ƙofa. MCT ɗin an auna shi ne da ranar da komai ya tafi daidai. Bai san da hazon hunturu da ke hana jirage tashi a Kano ba, balle tsohuwar da kake rakawa Umara ko mara lafiyan da ke keken guragu.

Abu na ƙarshe shi ne wa zai ɗauki asara. In tikiti ɗaya ne kuma jirgin farko ya makara, kamfani zai sa ka a jirgi na gaba ba ƙarin kuɗi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora masa alhakin asarar jinkiri, sai in ya nuna ya yi duk abin da ya kamata. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ma ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600 a tafiye-tafiyen da ta shafa. Amma in tikiti biyu ka yanka daban don neman sauƙi, kamfani na biyu zai rubuta ka a wanda bai zo ba, yana iya soke har tikitin dawowarka.

Saboda haka, a tikiti ɗaya ka nemi tazarar awa biyu zuwa uku. In za ka bi ta shige da fice, kamar a Amurka, kada ta gaza uku. In tikiti biyu ne, ka ba da awa biyar zuwa shida, ko ma ka kwana. Ka kuma duba ko sau nawa jirgin gaba ke tashi a rana, domin in sau ɗaya ne, makarar minti goma za ta ci maka yini guda.