Jinjirin Wata, Taurari Da Gonar Hatsi: Abin Da Malaman Da Suka Bar Mana

Makon jiya ƙanena ya turo mini wata murya ta WhatsApp. Wani ne mai kiran kansa masanin taurari yake bayani cewa watan da zai kama zai tsaya a ƙarƙashin Zuhalu, don haka duk wanda ya zuba iri a ƙasa cikin kwana goman farko ya yi asara. Yaron ya riga ya tanadi irin hatsinsa, yana shirin yin binne a gonarmu ta Attantane, sai ga shi yana tambayata: "Yaya, in dakata ne?" Duk wanda ya san ƙasar Mayahi da Tasawa ya san kwana goma ba abin wasa ba ne. Daminarmu gajeruwa ce, wanda ruwan farko ya wuce shi yakan ga sakamakon a rumbunsa. Kafin in ba shi amsa sai na ga ya dace in waiwayi inda wannan ilimi ya samo asali a wurinmu, domin ba yau aka fara wannan gardama ba.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ina Tasawa, ban daɗe da fara koyarwa ba. Da hantsi rana ta fara raguwa kamar ana gutsurar ta, har gari ya yi duhu na 'yan mintoci, kaji suka nufi akurki, wasu taurari suka bayyana. Abin da ya ƙara tsorata mutane shi ne ranar ta zo daidai da Larabar ƙarshen watan Safar, wadda ake kira Larabgana, ranar da tun muna yara ake ce mana bala'i na sauka a cikinta. Na ga dattawa suna kuka. Amma a littafin da muka karanta a makarantar horon malamai bayanin ba shi da wuya: rana ba ta yin husufi sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya gitta tsakaninmu da ita. Masana sun lissafa ranar da sa'ar tun shekaru kafin ta zo, har da hanyar da inuwar za ta bi daga Gana zuwa Gusau da Katsina, ta ratsa Nijar ta shiga Libiya. Limaminmu kuwa ya ja sallar kisfewa, ya tunatar da mu cewa a ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufi, Annabi da kansa ya hana a danganta abin da mutuwar kowa.

Kakanninmu sun san sama tun kafin boko. Sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba, sun kira Zara matar wata. Da malamai suka zo da littattafan Larabci sai aka samu lissafin manzilolin wata guda 28, irin su Suraiya da Dabaran da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Simaku. Kowane manzili yana ɗaukar kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, jimla 365. Dalilin riƙo da wannan lissafi a fili yake. Shekarar wata kwana 354 ce, kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa ɗari. Manomi ba zai iya dogara da Rajab ko Sha'aban ya san lokacin shuka ba, dole ya nemi abin da ke tafiya tare da rana. Malamai suka mayar da lissafin waƙa cikin ajami don almajirai su haddace, har wani Bature mai suna Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a 1967.

Tare da wannan lissafi wani reshe ya shigo, wanda ke cewa taurari bakwai masu tafiya suna mulkin ranaku da sa'o'i: Rana ga Lahadi, Wata ga Litinin, Mirrihu ga Talata, Uɗaridu ga Laraba, Mushtari ga Alhamis, Zuhura ga Juma'a, Zuhalu ga Asabar. Nakan nuna wa ɗalibaina cewa tsarin nan yana ɓoye cikin Faransancin da suke rubutawa kullum a saman allo, domin lundi ranar wata ce, mardi ta Mirrihu, vendredi ta Zuhura. Tsohon tunani ne da ya bi ta hannun Girkawa da Rumawa da Larabawa kafin ya iso gare mu.

Ƙasar Hausa ta fitar da gwani a wannan fanni. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira. A wajen 1732 ya rubuta littafi a kan hatimi, wato jadawalin lambobin da ko ta ina ka haɗa su jimlarsu ɗaya ce, wanda masana lissafi ke ambata har yau. Ya kuma rubuta Durrul Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, ya bar littattafansa a hannunsa. A wurinsa lissafi na gaskiya da neman asiri suna zaune cikin gafaka ɗaya, kamar yadda suke a wurin malamai da yawa na zamaninsa.

Malaman jihadi ne suka tsaya a kan raba su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya tashi ya yi wa'azi a ƙasar Gobir, ya soki masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko duban taurari a cikin Nurul Albabi. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta littafi sukutum yana gargaɗi a guji masu rufa-ido da masu duba da taurari. To amma kada mai karatu ya ɗauka Bello bai san sama ba. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, ya nuna masa taswirar sama, sai ya tarar Sarkin Musulmi ya san buruji duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. Mutumin da ya hana duba shi ne kuma mai sha'awar na'urar auna rana. Abin da suka yarda da shi shi ne amfani da sama don sanin alƙibla da lokutan salla da shigar damina. Abin da suka ƙi shi ne a ce tauraro ne ke raba arziki da tsiya.

Ko lissafin manzilolin ma yana da iyaka. Taurari suna zamewa daga kalandar rana da kusan kwana ɗaya a cikin shekara 72, don haka daga zamanin al-Kashinawi zuwa yau an samu tazarar kwana huɗu. Kuma manzili yana faɗa maka lokacin da aka saba samun ruwa ne kawai. A 1984 taurari sun fito a kan ƙa'idarsu, ruwa bai zo ba, iyayenmu suka sha yunwar da har yanzu ake ba da labarinta. A 2005 ma Suraiya ba ta makara ba, amma ƙarancin ruwa da farin da suka yi ɓarna a daminar 2004 sun jefa jihar Maraɗi cikin wahala.

Abin da ya fi damuna da masu muryoyin waya shi ne sun yar da ɓangaren da ke buƙatar karatu, sun riƙe ɓangaren tsoratarwa. Tsohon malamin zaure yakan iya nuna maka Dabaran da yatsa cikin dare. Wannan na WhatsApp na tabbata da za a fitar da shi fili ba zai bambance Zuhalu da fitilar jirgin sama ba, amma a ƙarshen muryar ya bar lambar da za a tura masa kuɗin "karya nahisa".

Na kira ƙanena na ce ya saurari hasashen ma'aikatar yanayi a rediyo, ya tambayi Baffa wanda ya shekara hamsin yana noma wannan jigawa, ya duba ko irin nasa zai isa a sake shuka idan na farko ya ƙone. Jinjirin wata kuwa, na ce idan ya tsaya ya fito da yara su gan shi, su yi addu'ar ganin wata kamar yadda aka koya mana. Shekaranjiya ya aiko cewa ya gama binne rabin gonar, ya ajiye sauran irin yana jiran ruwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka.