Giyar Da Ta Cinye Ƙafar Don Garlits

Yau zan kai ku Amurka, fagen tseren da ake kira dirag: mota biyu, miƙaƙƙiyar hanya, kwatar mil, wato mita 402. Wally Parks ne ya kafa hukumar NHRA a 1951 don a ɗauke wannan tsere daga kan titi a ba shi fili da doka.

Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san matsalar. Giya mai sauƙi, tashi ba wuya, amma nan da nan gudun ya ƙure. Giya mai nauyi akwai gudu, amma tashin da ƙyar. Haka mota take. Idan aka ce giyar baya 4.11 ce, ana nufin sandar da ke kai ƙarfin inji baya sai ta juya sau 4.11 kafin taya ta juya sau 1. In lambar ta yi yawa, za ka tashi kamar kibiya, amma inji ya kai maƙura tun ba ka isa layi ba. In ta yi kaɗan, abokin karawa ya ba ka ƙura tun daga farko.

Don Garlits so ya yi ya samu duka biyun, sai ya sa wa motarsa giyabos mai giya biyu. A lokacin direba a bayan inji yake zama, giyabos ɗin yana daidai ƙafafunsa. Ranar 8 ga Maris, 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, yana tashi giyabos ɗin ya tarwatse. Motar ta rabe gida biyu, shi kuma ya rasa wani sashe na ƙafarsa ta dama.

Abin da ya fi burge ni, yana kwance a asibiti ya fara tsara sabuwar mota, inji da giya a bayan direba. A 1971 ya ci gasar Winternationals a Pomona da ita. Ba a daɗe ba sauran direbobi suka bi sahunsa.

To yau fa? Motocin ajin Top Fuel ba su canza giya ko sau ɗaya. Doka ta tsayar da giyar baya a kan 3.20. Kuloci ne yake kamawa kaɗan-kaɗan don kada ƙarfin inji ya sa taya ta yi ta juyi a banza. Tayoyin baya kuma suna ƙara tsawo yayin da gudu ke ƙaruwa, sai ya zama tamkar an sa babbar giya. Tun 2008 an rage musu nisan zuwa mita 305, suna cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa 4, a gudun da ya haura kilomita 500 a awa.

Nan zan dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.