Harold McClelland: Hafsan da Ya Yi wa Jiragen Yaƙi Kunne

A watan Fabrairun 1934 Shugaba Franklin Roosevelt ya soke kwangilar kamfanonin da ke jigilar wasiƙu ta sama, ya ɗora aikin a wuyan sojojin saman Amurka. Nan fa asirin rundunar ya tonu. Matuƙanta sun saba tashi da rana tsaka, gari garau. Sai ga su cikin dare da hazo da dusar ƙanƙara, rediyon jirgi kuwa ba ya jin ƙasa, ƙasa ba ta jin sa. Kafin a janye su daga aikin, sojoji fiye da goma sun rasa rayukansu.

A watan Yulin wannan shekara wani hafsan rundunar, Henry Arnold, ya jagoranci jirage goma ƙirar B-10 daga Washinton zuwa Fairbanks da ke Alaska, don rundunar ta wanke kanta. Duk suka je suka dawo, aka ba Arnold kofin yabo na Mackay. Wanda ya riƙe sadarwa da lura da yanayi a tafiyar shi ne Harold McClelland, haifaffen jihar Iowa a 1893, wanda ya shiga soja a 1917. Jaridu ba su cika ambatonsa ba. Haka aikin yake: idan sadarwa ta tafi daidai matuƙi ake yaba, idan ta yanke a nemi mai rediyo.

Darasin Alaska bai da wuyar fahimta. Jarumtar matuƙi ba ta gaya masa inda hadari ya taso, ba ta nuna masa filin sauka idan gajimare ya rufe. Sai an jera tashoshi a ƙasa, kowace tana miƙa wa ta gaba labarin jirgi da na iska, ana kuma aika sautin da matuƙi zai bi ya gane hanya. A 1938 aka kafa sashen da ke wannan aiki, wanda aka fi sani da AACS.

Yaƙin Duniya na Biyu ya shimfiɗa wannan tsari a nahiyoyi. McClelland yana cikin ayarin hafsoshin da Amurka ta tura Landan a 1941 su ga yadda Ingila ke yaƙi, tun kafin Amurka ta shiga yaƙin. A 1943 ya zama babban jami'in sadarwa na rundunar sojojin saman Amurka baki ɗaya, rediyo da na'urar hango jirage da kayan rikita ta abokan gaba duk suna ƙarƙashinsa. Har ƙasarmu aikin ya taɓa. Jiragen da ake kai wa fagen daga sukan tashi daga Natal a Barazil, su ƙetare Tekun Atlantika zuwa Akra, su yada zango a Kano ko Maiduguri, su wuce Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Khartum. Duk wanda ya san hazon hunturu a Kano ya san matuƙin da ya dogara da idonsa kaɗai zai iya wuce filin bai gan shi ba.

Bayan yaƙi McClelland ya shugabanci AACS daga 1946, daga baya ya riƙe sadarwa a matakin manyan hafsoshin tsaro, ya yi ritaya a 1951 da muƙamin Manjo Janar. Hutun bai samu ba, don a shekarar hukumar leƙen asiri ta CIA ta ɗauke shi ya kula da hanyoyin aika saƙonninta na sirri, aikin da ya riƙe har rasuwarsa a watan Nuwamban 1965. Rundunar sojojin saman Amurka ta sa sunansa a lambar yabon da take bai wa rukunin sadarwar da ya yi fice a shekara.